Magen Baba da Sharrin da Aka Yi Mini

Ban yi niyyar sa maganar mage a cikin wannan tarihi ba. Na so daga rasuwar mahaifinku in tsallaka kai tsaye zuwa lokacin da na buɗe shagon ɗinki a Kawo. Amma da ke Sadiya kika dawo daga biki a Malali idonki jajur, kika ce wata ta nuna ki da baki tana cewa ga 'yar matar da ta hana mage abinci, sai na ga idan na mutu ban faɗa ba, ƙaryar ce za ta gaje ni. Ana cewa ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. To wannan dai ta yi 'ya'ya, ga ta har da jikoki. Ku ukun kuna ƙanana a lokacin, abin da kuka riƙe ba ya wuce kukan magen da hayaniyar manya. Ku zauna ku ji yadda aka yi.

Bayan na fita takaba na tattara ku muka koma gidanmu na Unguwar Kanawa, domin Inna ta riga ta rasu, Baba yana zaune shi kaɗai. Kakanku tsohon direban babbar mota ne. Yana saurayi ya baro Katsina, ya ƙare ƙarfinsa tsakanin tashar Kawo da hanyar kudu, sai da idonsa ya raunana ya ajiye sitiyari. Ba ya kiran sunana, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Uwata yake ce mini. Da na dawo na tarar ba shi kaɗai ba ne a zaure. Akwai wani muzuru ja da fari da Inna ta tsinta yana ɗan mitsitsi a bayan madafi ta raine shi, kuma tun ranar da aka fita da gawarta ya tare a kan tabarmar Baba bai ƙara tashi ba. Baba ya sa masa suna Kwandasta. Duk wanda ya shigo sai ya nuna shi ya ce, da can da karen mota yake yawo, yanzu da ya tsufa Allah ya ba shi magen mota.

Abin da Baba zai ci, shi Kwandasta zai ci. Da safe a tsiyaya masa shayi mai madara a murfin kwano, a gutsura masa ƙosai. Da rana tuwo da miya. Da la'asar tsofaffin direbobi abokan Baba su zo hira da tsire ko balangu a takarda, da yajinsa da albasarsa, kowa ya jefa masa kitse don ya ga yadda yake cafewa. Kafin in dawo ma ya daina cafewa, sai dai a ajiye masa a gaban hanci. Ya zama kamar matashin kai da aka cusa wa auduga fiye da kima. Ba ya iya hawa katanga, ba ya iya juyawa ya lashe bayansa, ɓera zai wuce ta gabansa ya bi shi da ido kawai. Daga baya sai amai, sai gudawa, sai haki ko daga zaure zuwa tsakar gida ya taka. Wata safiya na kai wa Baba kunu na same shi ya ɗora hannu a cikin magen yana sauraron numfashinsa.

"Uwata," ya ce, "ki duba mini yaron nan. Shi kaɗai uwarki ta bar mini mai motsi. Kada ya riga ni tafiya."

Wannan magana ita ce farkon komai, kuma ita ce babu wanda yake faɗa muku. Ba ni na tashi da kaina na ce zan gyara wa mage ciki ba. Ina da marayu uku da keken ɗinki da tsoho, ina na ga lokacin neman suna a kan dabba? Ubana ne ya roƙe ni.

Na sa Kwandasta a kwando na rufe da tsohon zane, na tari mai Keke Napep na ce ya kai ni wurin likitan dabbobi. Da ya ji kuka daga kwandon ya waiwayo yana dariya, wai Hajiya mu mutane ma ba mu gama ganin likita ba. Likitar wata matashiya ce, 'yar kudancin Kaduna, Hausarta tas. Ta ɗora shi a ma'auni, ta lalubi haƙarƙarinsa ba ta ji ƙashi ba sai tsoka da kitse, ta ɗaga leɓensa ta nuna mini dasashinsa ya yi fari fat. Ta tambaye ni me yake ci. Ina lissafa mata tana girgiza kai, da na zo kan albasa ta ajiye abin rubutunta.

"Mama, wannan ba ƙoshi ba ne, ciwo ne," ta ce. "Mage ba mutum ba ne. Cikinsa na nama ne, tuwo da ƙosai nauyi kawai suke ƙara masa. Madarar nan ita ke sa shi gudawa. Albasa kuwa jininsa take ci, shi ya sa kika ga bakinsa fari. Idan aka ci gaba a haka ba zai daɗe ba."

Na ce to in hana shi abinci ke nan har ya rame? Ta ɗaga murya ta ce kul, kada in kuskura. Ta ce mage mai ƙiba idan aka yanke masa abinci lokaci guda hantarsa ce za ta lalace, ya mutu da sauri fiye da yadda ƙibar za ta kashe shi. A hankali ake ragewa. Ta ce in dafa masa naman kaza da zuciya da ƙundu, da 'yar hanta kaɗan ba kullum ba, wani lokaci kifi da aka cire wa ƙaya ko dafaffen ƙwai, babu gishiri, babu yaji, babu dafaffen ƙashi. Ta ba ni wani gari da zan riƙa barbaɗawa a kai saboda abin da nama kaɗai ba zai ba shi ba. Ta ɗauko ƙaramin gwangwanin tumatir ta nuna mini inda zan tsaya, in raba masa safe da rana da yamma, ruwa mai tsabta kuma kada ya yanke a gabansa. Ta kama hannuna ta ɗora a gefen cikinsa, ta ce ranar da na fara jin haƙarƙari a ƙarƙashin yatsuna ba tare da na danna ba, amma ido ba ya ganinsu, mun iso. Kuma in riƙa dawo da shi tana dubawa.

Haka na yi. Nakan bi ta wurin masu fige kaji a kasuwar Kawo in karɓo ƙundu da zuciya, in dafa a 'yar tukunyarsa daban. Ku sani, abin da Kwandasta ya koma ci ya fi abin da yake ci a da kyau nesa ba kusa ba. Amma wanda bai taɓa zama gida ɗaya da muzurun da aka rage wa kwano ba, bai san kuka ba. Yana gama lashe rabonsa zai zauna a bakin madafi ya buɗe baki kamar ana yanka shi. Ya bi ni ɗaki, ya bi ni bakin rijiya, ya zauna a ƙarƙashin keken ɗinki yana kai ƙarata. Baba da kansa ya kasa jurewa da farko. Na sha ganin tabon mai a aljihun rigarsa, in na tambaya ya ce shi bai san yadda ƙosai ya shiga wurin ba. Sai da na zauna na ce masa, Baba, ko dai mu yi ko mu bari, sannan ya miƙo mini ƙosan yana dariya, ya kuma gargaɗi abokansa cewa duk wanda ya ƙara jefa wa yaronsa kitse ya nemi wani zauren. Wani abin da na lura da shi kuma, ashe duk naman da nake sa wa Baba a miya magen yake ba. Da aka hana, sai Baba ya koma cin namansa da kansa.

Ana cikin haka Gwaggo Asabe ta zo. Ƙanwar Baba ce uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a Kawo, kuma mace ce da idan ta ga abu da safe, kafin azahar dangi sun ji har na Katsina. Ta shigo daidai lokacin da nake auna abincin rana, Kwandasta yana zagaya ƙafata yana ihu. Ta tsaya da mayafinta a kafaɗa tana kallon gwangwanin.

"Me nake gani haka? Awo kike yi wa mage?"

Na fara yi mata bayanin likita. Ba ta bari na kai ƙarshe ba. Ta kwance ƙullin ƙosan da ta kawo wa Baba ta watsa wa magen a ƙasa. Na sunkuya na tsince. Wannan tsincewar ita ce laifina a wurinta har ta koma ga Allah. Ta tafa hannu, ta yi salati, ta fita ko zauren ba ta tsaya ba.

Bayan 'yan kwanaki aka yi suna a gidan wani ɗan'uwanmu a Kawo. Tsakar gida cike da mata, ana rabon waina, na shigo da ke Sadiya a hannu. Gwaggo tun ina jaririya ba ta taɓa kiran sunana ba, Mai-sunan-Iya take cewa, saboda sunan uwarta ne. Ran nan ta ɗaga murya ta kira shi gatsau.

"Rabi! Zo nan ki gaya wa mutane. Ke ba ki je makaranta ba ne? Ba ki ji labarin matar da ta shiga wuta saboda ta hana mage abinci ba? A gidan yayana za ki jawo mana wannan?"

Ni da nake tashi in dafa wa dabba nama kafin in dafa wa kaina, ni aka haɗa da waccan matar, a gaban surukai da baƙi, 'yata tana riƙe da zanena. Waccan ɗaure tata ta yi, ba ta ba ta ba, ba ta sake ta ta nema ba. Na buɗe baki zan faɗi haka, sai wata daga gefe ta ce a hankali, amma yadda kowa zai ji, wai wadda take auna wa mage, Allah kaɗai ya san abin da take auna wa tsoho. Ba ku ga yadda ya rame ba?

Baba ya rame, gaskiya ne. Tun rasuwar Inna yake ramewa, haƙoransa sun zube, shekaru sun taru. Ni ce mai dama masa kunun gyaɗa, mai yi masa fate, mai zama a gabansa ina lallashi kamar yaro har ya shanye. Waɗanda suka yi maganar babu wadda ta taɓa wanke masa riga ɗaya. Amma maganar ta fi gaskiya daɗin ɗauka, sai ta tashi daga mage ta koma kan uba.

Yaya Lawal, babban wanmu, yana da shagon kayan gini, ya gina gida a Malali. Mutum ne da bai ƙi jinin kowa ba, amma yana tsoron bakin mutane fiye da yadda yake tsoron kuskure. Ya zo da Gwaggo, aka zauna a zaure, aka kira ni kamar mai laifi a gaban alƙali.

"Rabi, ni ba dogon zance na zo yi ba," ya ce. "Sunan gidanmu yana yawo a gari. Ki cika wa magen nan kwano ya yi shiru, a daina zancenmu. In kin ƙi, zan ɗauke Baba ya koma wurina."

Baba ya ɗago kai ya ce, "Lawal, ni na sa ta."

Muryarsa ta riga ta yi rauni. Gwaggo ta dubi Yaya ta ce, "Ka ji ko? Har tsoronta yake ji. Kare ta yake yi."

Ku duba wannan mugunta. Idan ya yi shiru, shaida ce a kaina. Idan ya yi magana, ita ma shaida ce a kaina. Baba ya sake buɗe baki, suka hau kansa da Baba ka huta, Baba bar mana wannan. Mutumin da ya yi shekaru yana ratsa daji da mota cike da kaya, aka mai da shi wanda ba a jin maganarsa a zaurensa.

Na san abin da ya fi sauƙi. In ɗauko tuwo in zuba miya in tura wa magen, kowa ya tashi yana murna. Na dubi Kwandasta, a lokacin har ya fara iya lashe bayansa, hakin ya ragu, aman ya tsaya. Na dubi Baba. Idan na cika kwanon nan, na amsa ke nan cewa da can zalunci nake yi, kuma na kashe wa ubana abin da ya damƙa mini da hannuna, don kawai Gwaggo ta samu abin da za ta ce ta gyara. Na ce, Yaya, ka yi haƙuri, ba zan yi ba. Ga likitar nan, mu je tare ka ji da kunnenka. Ya ce shi ba zai bar shagonsa ya je asibitin mage ba. Tafiyar da ba ta kai zuwa kasuwa ba, ita ya ƙi yi, ya zaɓi ya tumɓuke tsoho daga gidansa.

Ranar da suka zo da mota, Gwaggo ta ce a haɗa da magen kafin in ƙarasa shi. Baba yana tsaye a ƙofar gida da sandarsa. Wannan karon bai bari an katse shi ba.

"Kwandasta zai zauna," ya ce. "In direba ya sauka, kwandasta ne ke gadin mota."

Aka yi dariya, aka ɗauka barkwancinsa ne na kullum. Ni kaɗai na gane nufinsa. Ya san idan magen ya bi shi, cikin wata nawa za a kashe shi da tausayi. Ya zaɓi ya rabu da shi ya rayu. Yaya kuwa bai musa ba, domin matarsa, Hajiya Maryam, dama ba ta son gashin mage a kan kujerunta.

Abin da ya biyo baya kun ɗan tuna. Matan dangi suka daina kawo mini ɗinki. Aka yi bukukuwa ba a gaya mini ba. Kai Nura ka dawo daga Islamiyya da leɓe a fashe saboda wani ya kira ka ɗan mai horon mage. Zauren ya mutu, tsofaffin direbobin suka watse. A Malali an ba Baba ɗaki mai tayil da fanka da talabijin, ana kai masa abinci a tire, kuma ban ce an wulaƙanta shi ba. Amma babu mai shigowa ya ce masa ka tuna shekarar da gada ta karye, babu abin da zai ɗora wa hannu. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan sa Kwandasta a kwando in kai masa. Kuma duk Juma'a magen yana ƙara sauƙi, Baba yana ƙara shiru. Ranar da na gaya masa yaronsa ya hau katanga ya kuma kamo ɓera a madafi, sai da ya sa na maimaita.

Zuwanmu na ƙarshe, yana kwance. Na buɗe kwandon, Kwandasta ya yi tsalle ɗaya ya hau gadon, abin da a da ko tabarma sai ya yi dabara. Baba ya lalubi gefen cikinsa yadda na koya masa, ya ji haƙarƙarin a ƙarƙashin gashi mai sheƙi, ya ɗaga leɓensa ya matso da ido ya ga jan dasashi. Daidai nan Hajiya Maryam ta shigo da kunu.

"Maryam, ajiye, zo ki tsaya nan," ya ce. "Ki dubi dabbar nan da kyau. Wannan ce aka ce ana kashewa da yunwa? Ki zama shaida. Uwata ba ta zalunce shi ba, ba ta zalunce ni ba. Ni na sa ta, kuma ta cika mini. Ki gaya wa mijinki, ki gaya wa Asabe."

Ta ce, "To, Baba. In sha Allahu."

Bai kai wata Juma'ar ba. A zaman makoki, ɗaki cike da mata, Gwaggo ta share hawaye ta ce ai tun a Unguwar Kanawa aka gama da shi, a Malali jinya kawai aka yi. Na ɗago kai na dubi Hajiya Maryam. Tana tsaye a bakin ƙofa da tiren ruwa. Idonmu ya haɗu. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da miƙa wa mutane kofi.

Kwandasta ya yi shekaru bayan Baba, yana cin awonsa yana hawa katangarsa, tsufa ne ya ɗauke shi a inuwar zaure. Gwaggo ta rasu, Yaya Lawal ya rasu, tsakanina da su sai addu'a, hisabinsu ba a hannuna yake ba. Amma Hajiya Maryam tana raye, tana nan a gidan na Malali, hankalinta garau, kunnenta yana ji. Ban taɓa zuwa na roƙe ta ba, kuma ba zan je ba, domin ba ni ce na ba ta saƙon ba. Ku ku je. Ku gaishe ta da ladabi, uwa ce a gare ku. Idan kun gama gaisuwa ku tara 'ya'yanta su zauna, sannan ku tambaye ta abin da kakanku ya ce ta faɗa ranar da ta shigo da kunu.